Sharhi a Kan Wasan Miyako Odori na Kyoto da Makaɗan da Ke Ɗauke da Shi

Duk wanda ya je birnin Kyoto na ƙasar Jafan da burin ya ga fasahar geisha da idonsa, abu na farko da zai ci karo da shi shi ne ƙofa a rufe. Gidajen shayi na gargajiya da ake kira ochaya, inda waɗannan mata suke waƙa da rawa a gaban baƙi, suna da tsohuwar ƙa'ida ta ƙin karɓar wanda ba su sani ba, sai fa idan wani tsohon abokin hulɗar gidan ne ya kawo shi ya kuma tsaya masa. Dalilin ƙa'idar a fili yake, domin ba a biyan kuɗi a daren da aka yi zama. Uwar gidan ce ke ɗaukar nauyin abinci da ladan masu wasa, daga baya a aika wa baƙo da lissafi, kuma irin wannan ciniki ba ya yiwuwa sai da amana. Wannan ne ya sa yawancin masu ziyara suke ƙarewa a bakin titin Hanamikoji, waya a hannu, suna jiran wata ta gifta su ɗauke ta hoto. Akwai hanyar da ta fi wannan mutunci da amfani nesa ba kusa ba, wato sayen tikitin Miyako Odori, wasan da unguwar Gion Kobu take shiryawa kowace shekara daga farkon watan Afrilu zuwa ƙarshensa, wanda kowa yana iya shiga muddin ya biya kuɗin kujera.

A Kyoto geiko ake ce wa ƙwararrun geisha, 'yan matan da ke koyon sana'ar kuma a ce musu maiko. Unguwanni biyar ne suka rage da wannan al'ada a birnin, wato Gion Kobu da Gion Higashi da Pontocho da Miyagawacho da Kamishichiken, kuma kowace unguwa tana da salon rawarta da malamanta da wasanta na shekara. Yarinyar da ta shiga wannan hanya takan fara ne tana da kimanin shekara 15, bayan ta gama karatun da doka ta wajabta, sai ta tare a gidan da ake kira okiya, ta yi kusan shekara tana aikace-aikacen gida tana koyon rawa da karin harshen Kyoto kafin a yarda ta fito a matsayin maiko. Bayan wasu shekaru sai ta zama geiko, amma karatun ba ya ƙarewa, har tsofaffin cikinsu suna ci gaba da zuwa ɗaukar darasi. Ana kiyasin cewa a shekarun 1920 akwai geisha kusan 80,000 a faɗin Jafan, yau kuwa da ƙyar adadin ya wuce dubu ɗaya, kuma wannan raguwa ce ta sa maganar tallafi ta zama wajibi a kan duk wanda ya ji daɗin abin da ya gani.

An fara Miyako Odori ne a shekarar 1872, a lokacin da Kyoto take cikin wani irin maraici bayan sarkin ƙasar ya koma Tokyo da fadarsa. Hukumomin birnin suka shirya babban baje koli domin su farfaɗo da kasuwanci, aka nemi matan Gion su fito su yi rawa a bainar jama'a a matsayin abin da zai ja masu kallo, abin da ba su saba yi ba, tun da rawarsu ta ƙaramin ɗaki ce a gaban mutane ƙalilan. Inoue Yachiyo ta uku ce ta tsara rawar farko, kuma tun daga wancan lokaci salon gidan Inoue kaɗai ake koyarwa a Gion Kobu. Wadda take riƙe da wannan suna a yau, Inoue Yachiyo ta biyar, gwamnatin Jafan ta sanya ta a shekarar 2015 cikin jerin gwanayen da ƙasa take ɗauka a matsayin taska mai rai. Yaƙin duniya na biyu ya katse wasan na wasu shekaru, annobar korona ma ta hana shi a 2020 da 2021, shi ya sa sai a 2024 aka yi karo na 150.

Gidan wasan, wanda ake kira Gion Kobu Kaburenjo, tsohon gini ne na katako da aka kammala a 1913, yana kan titin Hanamikoji kusa da wurin ibada na Kenninji, tafiyar 'yan mintoci a ƙafa daga tashar jirgin ƙasa ta Gion-Shijo. An rufe shi a 2016 domin a ƙarfafa shi ya iya jure girgizar ƙasa, wasan ya yi ta yawo a wasu zauruka har da Minamiza, sannan ya dawo gida a 2023. A shekarar 2024 tikiti hawa uku ne: yen 4,000 na kujerun mataki na biyu, yen 6,000 na mataki na ɗaya, sai yen 7,000 na mataki na ɗaya haɗe da shan shayi kafin wasa. Ana yin wasan sau uku a rana, kowanne kimanin sa'a guda, kuma ana iya kama kujera ta intanet. Idan aka auna wannan kuɗi da yawan mutanen da ke kan dandali da tsadar suturar da ke jikinsu, wadda ake ɗinka sabuwa kowace shekara da rinin yuzen na Kyoto da saƙar unguwar Nishijin, ni dai a ganina farashin yana da sauƙi ƙwarai.

Shan shayin da ake haɗawa da tikiti mafi tsada yana da nasa tarihin, domin salon da ake bi, na zama a kan kujera da tebur maimakon durƙuso a tabarma, shugaba na goma sha ɗaya na makarantar al'adar shayi ta Urasenke ne ya ƙirƙiro shi saboda baƙin ƙasashen waje da suka zo baje kolin 1872. Geiko guda ce take zama a gaba, cikin baƙar sutura ta alfarma, tana kaɗa koren garin shayi da ɗan maburgin gora, maiko kuma tana taimaka mata. Ana ba kowa kofin shayi da ɗan abin zaƙi mai cikin wake, ƙaramin farantin da aka ɗoro shi a kai kuma kyauta ne, mutum ya naɗe shi a takarda ya tafi da shi. Ya kamata mai zuwa ya san cewa jama'a masu yawa ne suke bi ta wannan ɗaki kafin kowane wasa, saboda haka zama ne na 'yan mintoci, ɗanɗano ne kawai na al'adar shayi. Ribarsa ita ce ganin hannun geiko daga kusa, yadda take naɗe ɗan ƙyallen siliki ta share cokalin gora ba tare da wani motsi na banza ba. Wanda aljihunsa bai kai ba, bai yi asarar zuciyar abin ba idan ya tsallake shi.

Maganar kujera ta fi maganar shayi muhimmanci. Zauren yana da dogayen hanyoyi biyu a hagu da dama waɗanda suka taso daga baya suka haɗu da dandali, kuma a gefen waɗannan hanyoyi ne makaɗa suke jere. Wanda ya zauna a sahun gaba zai ga fuskokin masu rawa sosai, amma zai yi ta juya wuya idan yana son ganin masu kiɗa. Shawarata ita ce a nemi tsakiyar zaure, ɗan baya kaɗan, inda ido zai iya kama dandali da ɓangarorin biyu a lokaci guda.

Wasan yana buɗewa ne da kira mai tsawo da muryoyin mata, "Miyako Odori wa," sai a amsa da "yoiyasa," nan take masu rawa su shigo a jere ta hanyoyin nan biyu, sanye da shuɗiyar sutura iri ɗaya da jar ɗamara, kowace da mafici mai adon fure a hannu, bayan dandalin kuma an jera ƙofofi masu ruwan azurfa. Daga nan sai fage takwas su biyo juna, suna zagaya lokutan shekara huɗu na Jafan, daga fitowar furanni zuwa zafi, daga jan ganyen kaka zuwa ƙanƙarar hunturu, a rufe da furen sakura, wato furen itacen ceri. Ba a sauke labule ko sau ɗaya. Ana sauya fage ne a kan idon mai kallo, bango ya zame gefe, wani ya sauko daga sama, wurin ibada ya koma bakin kogi kafin mutum ya ankara. Kowace shekara ana rubuta sababbin baituka, ana ɗauko labari daga tsofaffin hikayoyi ko daga wani sanannen wuri a Kyoto, shi ya sa mutanen birnin da yawa suke komawa duk shekara. An hana ɗaukar hoto a lokacin wasa, kuma na yi murna da wannan hani, domin ya bar zauren cikin natsuwar da kiɗan yake buƙata.

Ido yakan tafi ne ga maiko, kuma ba laifinsa ba ne, tun da su aka yi wa farar kwalliya, su ke da doguwar ɗamara mai lilo a baya da adon gashi na siliki wanda ake sauyawa wata-wata, sakura a Afrilu, ganyen wilo a Yuni, jan ganyen kaka a Nuwamba. Amma abin da nake so mai karatu ya mai da hankali a kansa yana gefen zaure. A ɓangare ɗaya akwai jerin mata cikin baƙar sutura, da yawansu manya ne a shekaru, ba su da farar hoda a fuska, sun durƙusa a miƙe kamar an dasa su. Su ne jikata, masu kaɗa shamisen da masu rera waƙa. A ɗaya ɓangaren kuma akwai masu ganguna da sarewa da ƙaramin kuge. Duk abin da ake yi a kan dandali a hannun waɗannan mata yake, su ne suke ba da numfashin da masu rawa suke motsi a kai, kuma kiɗan kai tsaye ake yin sa a gaban jama'a, sau uku a rana, wata guda cur.

Shamisen abin kiɗa ne mai tsirkiya uku da dogon wuya, ƙoƙonsa mai kusurwa huɗu an rufe shi da fata gaba da baya. Ya shigo Jafan ne a ƙarni na 16 daga tsibiran Ryukyu, inda Okinawa take a yau, sai makaɗan ƙasar suka sauya shi, suka riƙa bugunsa da wani faffaɗan makaɗi mai kama da ganye da ake kira bachi. Wannan makaɗi ba tsirkiya kaɗai yake taɓawa ba, yana sauka har kan fatar, saboda haka kowane bugu amo biyu ne, na tsirkiya da na ganga. Wuyan ba shi da wasu alamomin da za su nuna wa yatsa inda zai tsaya, kunne ne kaɗai jagora. Tsirkiyar farko kuma, wadda ta fi kauri, da gangan aka bar ta tana ɗan gogar itacen wuyan, sai ta riƙa fitar da wani ɗan zuzu mai jan lokaci, wanda yake tashi ko da wata tsirkiyar aka buga idan sautinsu ya dace. Baƙon kunne zai iya ɗauka kuskure ne, alhali kuwa makaɗan suna ɗaukarsa a matsayin ran abin kiɗan gaba ɗaya. Tsirkiyoyin na siliki ne da aka rina rawaya, suna saurin saki, shi ya sa mai lura zai ga hannun hagu na makaɗiya yana zamewa sama ya murɗa maɗauri a tsakiyar waƙa, ba tare da ta kalli wurin ba, ba kuma tare da bugun ya yanke ba. Akwai manyan hanyoyi uku na ɗaura tsirkiyoyin, kuma wani lokaci a cikin waƙa guda za a tashi daga ɗaya a koma wata domin yanayin labarin ya sauya daga nauyi zuwa fara'a. Na daɗe ina kallon hannun wata dattijuwa a wannan jere, kuma a nan na fahimci abin da shekaru masu yawa na horo suke nufi.

Ita ma waƙar tana da nata sirrin. Muryar mai rerawa ba ta takawa daidai kan bugun shamisen, takan ɗan riga shi ko ta ɗan makara, ta ja wasali guda ta lanƙwasa shi kafin ta sake shi, sai su haɗu a ƙarshen baiti. Wanda ya saba da waƙar da murya da kiɗa suke tafiya kafaɗa da kafaɗa zai ji kamar ba su jitu ba a farko, amma bayan 'yan mintoci kunne yakan gane cewa wannan ɗan tazara ita ce take sa a ji kalmomin sarai, ita ce kuma take sa zuciya ta riƙa jiran haɗuwar tasu. Babu wani mai ba da umarni a gaba. Abin da yake haɗa kan makaɗan shi ne gajerun kiraye-kiraye da suke yi, "yo" ko "ho," da kuma shirun da suke bari tsakanin bugu da bugu, wanda a wurinsu yana da tsawo da nauyi kamar kowane sauti.

Cikin gangunan, wadda ta fi ɗaukar hankalina ita ce kotsuzumi, ƙaramar ganga mai siririn ƙugu da ake ɗorawa a kafaɗar dama. Igiyoyi ne suka haɗa fatunta biyu, mai kiɗa tana matse su da hannun hagu tana saki domin amon ya hau ko ya sauka, kusan yadda makaɗin kalangu yake yi da tsarkiyar kalangunsa. Fatar tana son laima, saboda haka za a ga mai kiɗa ta kai gangar kusa da bakinta ta hura mata numfashi a lokacin da ba ta bugu, ko ta jiƙa ɗan guntun takarda da aka manna a bayan fatar. Waɗannan ƙananan abubuwa ba a jin su a faifai, ba a ganin su a hoto.

Game da rawar kuwa, gaskiya ita ce ba kowa za ta burge nan take ba. Salon Inoue ya ɗauko abubuwa da yawa daga tsohon wasan kwaikwayo na noh da wasan 'yar tsana na bunraku, shi ya sa masu rawa suke sauke ƙugu ƙasa, su ja ƙafa a kan dabe ba tare da ɗagawa ba, fuska kuma ba ta nuna komai. Babu tsalle, babu murmushi ga 'yan kallo. Baƙin ciki ana nuna shi ne da ɗan karkata wuya ko ɗaga hannun riga zuwa kusa da ido, mafici guda kuma yana iya zama kofi ko wasiƙa ko ruwan sama mai sauka. Wanda ya shiga yana tsammanin abin da zai girgiza shi zai iya jin rabin sa'ar farko ta yi masa tsawo, musamman da yake baitukan cikin tsohon harshen adabi suke, wanda Jafanawan yau ma ba duka suke kama shi da ji ɗaya ba. Maganin wannan shi ne a sayi ɗan littafin bayanin wasan a bakin ƙofa, a karanta labarin kowane fage kafin a kashe fitila. Fagen tsakiya, inda manyan geiko suke fitowa su biyu ko uku su yi wasan labari, shi ya fi fagen taro zurfi, kodayake fagen taron ne ya fi cika ido.

Na gwada wata hanya ta dabam domin in iya kwatantawa, wato irin cin abincin dare da wasu kamfanonin yawon buɗe ido suke shiryawa, inda maiko take zuwa ta yi rawa ta zanta da baƙi ta bakin tafinta. Ba zan kushe shi baki ɗaya ba, domin yarinyar da ta zo ta amsa tambayoyi cikin ladabi da haƙuri, ta kuma yi wasannin hannu na raha da ake yi a irin wannan zama. Sai dai wanda na halarta, kuɗinsa ya ninka na tikitin gidan wasa, kuma da lokacin rawa ya yi sai wani ma'aikaci ya danna na'ura, kiɗan ya fito daga lasifika. Raina ya sosu ƙwarai, domin yarinyar ta koma tana bin faifai, ba ta da wadda za ta jira ta ko ta ja ta, rawar ta zama kamar karatun hadda. An cire jikata ne domin a rage kashe kuɗi, kuma duk lokacin da aka yi haka an rage wa wata makaɗiya aikin dare guda, an kuma koya wa baƙi cewa sutura da kwalliya su ne dukan abin. Duk mai niyyar biyan irin wannan zama ya tambaya tun kafin ya biya ko za a zo da mai shamisen. Ya kamata kuma a sani cewa zaman liyafa irin wannan yawanci da barasa ake yin sa, wanda ba ya sha zai fi samun sakewa a gidan wasa, inda babu abin da ke gabansa sai kiɗa da rawa.

Ƙarancin jikata shi ne babbar damuwar da ke fuskantar wannan fasaha. 'Yan mata suna zuwa daga sassan Jafan da sha'awar zama maiko, amma da yawa suna barin sana'ar bayan 'yan shekaru, alhali kuwa makaɗiyar da za ta iya riƙe ɗaruruwan waƙoƙi a ka, ta bi kowace mai rawa da irin takunta, ba ta samuwa sai bayan dogon zamani. Wasu unguwanni sun fara karɓar matan da suka girma, har da waɗanda suka gama jami'a, su shiga kai tsaye a matsayin makaɗa. Matsalar ta kai har ga masu ƙera kayan kiɗan. Fatar kyanwa da ta kare da aka saba rufe shamisen da su sun yi wuyar samu, ana gwada fatar roba da ta wasu dabbobi, hauren giwa da ake yin makaɗi da shi kuma an hana cinikinsa tsakanin ƙasashe. A shekarar 2020 kamfanin Tokyo Wagakki, ɗaya daga cikin manyan masu ƙera shamisen a ƙasar, ya sanar cewa zai rufe, sai da mawaƙa da masoya suka tashi da gudummawa sannan ya ci gaba da aiki. Haka abin yake ga masu murza tsirkiyar siliki a Kinomoto ta jihar Shiga, da masu rini, da masu saƙa, da masu yin gashin kai da adon fure. Duk suna rataye ne a kan ko za a ci gaba da yin wasan.

Akwai hanyoyin tallafi da suka wuce tikiti guda. A 1996 aka kafa wata gidauniya a Kyoto da aka fi sani da Ookini Zaidan, wadda take taimaka wa unguwannin biyar wajen horo da kula da fasahar, tana kuma da ƙungiyar masoya da mutum zai iya shiga ya riƙa biyan kuɗin shekara. A 2024 an buɗe gidan adana kayan tarihin Gion a harabar gidan wasan, inda ake nuna sutura da kayan ado ana kuma yin gajeriyar rawa, ga kuma Gion Corner da ke nuna guntayen fasahohi daban-daban ga mai gaggawa. A birnin Niigata an bi wata dabara tun 1987, inda 'yan kasuwar garin suka kafa kamfanin Ryuto Shinko wanda yake ɗaukar geisha aiki da albashi kamar kowane ma'aikaci. Tallafi mafi arha kuwa shi ne kame kai a kan titi. Cin zarafin da wasu masu yawon buɗe ido suka riƙa yi, na bin maiko a guje da jan hannun rigarsu da tare musu hanya, shi ya sa mazauna Gion suka kafa alluna a 2019 suna hana ɗaukar hoto a lungunan da ba na gwamnati ba, da tarar yen 10,000, sannan a 2024 suka fara hana baƙi shiga wasu daga cikin lungunan. Matar da aka gani tana sauri da yamma wurin aiki za ta, kuma suturar da ke jikinta aikin watanni ne na masu sana'a.

Ba zai zama adalci ba in yabi wannan duniya in rufe ido a kan abin da ke damuna game da ita. Maiko da yawa ba su kai shekara 20 ba, wato shekarun da dokar Jafan ta yarda a sha barasa, amma aikinsu yana kai su zaman dare da manyan maza masu sha. A 2022 wata tsohuwar maiko ta fito a kafar sada zumunta ta yi zargin cewa an sa ta shan barasa tana ƙarama, baƙi kuma sun ci zarafinta, maganar ta tayar da muhawara mai zafi a ƙasar game da kariyar waɗannan 'yan mata da matsayinsu a dokar ƙwadago, tun da ana ɗaukarsu ɗalibai ne marasa albashi. Wanda yake son fasahar ta ɗore dole ya so a gyara wannan, domin iyaye ba za su ba da 'ya'yansu ga sana'ar da ba su amince da ita ba. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa na fi son kuɗina ya bi ta ƙofar gidan wasa, inda ake auna mace da gwanintarta a gaban ɗaruruwan shaidu.

Wanda tafiyarsa ba ta faɗo a Afrilu ba yana da sauran zaɓi, domin kowace unguwa da lokacinta. Kamishichiken tana yin Kitano Odori daga ƙarshen Maris, Miyagawacho tana yin Kyo Odori a Afrilu, Pontocho tana yin Kamogawa Odori a Mayu, wanda shi ma tun 1872 ya samo asali kuma ya fi karkata ga wasan kwaikwayo, sai Gion Higashi da take yin Gion Odori a farkon Nuwamba. A watan Yuni unguwannin biyar suna haɗuwa a dandali ɗaya a wasan Miyako no Nigiwai, wanda ya dace da mai son ya ga bambancin salonsu. A Tokyo ma geisha na Shinbashi suna yin Azuma Odori a watan Mayu. Tikitin makon farko na Afrilu yana saurin ƙarewa saboda lokacin ya zo daidai da furen sakura da cikar birnin da baƙi, saboda haka a kama kujera da wuri, ko a nemi ranakun tsakiyar mako a ƙarshen wata. Wanda kuma ya riga ya kalli Miyako Odori har kunnensa ya fara sabawa da shamisen, sai ya nemi Onshukai da Gion Kobu take yi a watan Oktoba, wasa ne mai ƙarancin ado inda ake fito da tsofaffin raye-rayen gidan Inoue ɗaya bayan ɗaya, kuma a can ne mutanen unguwar da kansu suke zuwa su ga wadda ta ƙara ƙwarewa a cikin shekarar.